Karɓa-karɓar masu fara jifa a wasannin neman kambun besbol: tambayoyi da amsoshi

A babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wato MLB, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen watan Maris zuwa ƙarshen Satumba, sannan a watan Oktoba ƙungiyoyi 12 su shiga wasannin neman kambu. Tun kafin a yi jifan farko ake fara gardama a kan jerin mutanen da za su hau tudu su fara jifa, wane a wasan farko, wane a na biyu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Mene ne karɓa-karɓar masu jifa, kuma me ya sa mutum ɗaya ba ya yin jifan kullum?

Mai fara jifa shi ne wanda ke tsayawa a kan tudun tsakiyar fili ya aika ƙwallo ga mai bugu daga tazarar ƙafa 60 da inci 6, kimanin mita 18 da rabi. A wasa ɗaya yakan yi jifa tsakanin 90 da 100, yawancinsu da iyakar ƙarfinsa, kuma kafaɗa da gwiwar hannu ba sa ɗaukar irin wannan aikin kwana biyu a jere. Saboda haka ƙungiyoyi suke ajiye mutum biyar suna karɓa-karɓa, kowa ya yi wasansa ya huta kwana huɗu kafin layi ya sake zagayowa kansa. Kwanakin nan huɗu ba na kwanciya ba ne. Akwai gudu da motsa jiki, akwai kuma wata rana a tsakiya da mai jifan ke zuwa gefen fili ya yi jifan gwaji kaɗan don kada hannu ya daskare. A riƙe wannan ranar gwajin, domin za ta sake fitowa a gaba.

Me ya sa mutum biyar suke komawa huɗu ko uku idan Oktoba ta zo?

Ranakun tafiya ne suke jawo haka. A zagayen da ake buga wasa bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya wuce, ana yin biyu a gidan ƙungiya ɗaya, uku a gidan ɗayar, sannan a dawo a ƙarasa biyu, kuma akwai hutun kwana guda bayan wasa na biyu da bayan na biyar. Idan aka fara ranar Juma'a, to wasa na biyu Asabar ne, Lahadi hutu, Litinin da Talata da Laraba wasa na uku zuwa na biyar, Alhamis hutu, sai Juma'a da Asabar wasa na shida da na bakwai.

Duk wanda ya ɗauki alƙalami ya ƙirga zai ga cewa wanda ya fara wasan Juma'a ya cika kwanakinsa huɗu kafin Laraba, wanda ya fara na Asabar yana da kwana biyar kafin wasa na shida, wanda ya fara na Litinin kuwa shi zai tsaya a wasa na bakwai da cikakken hutunsa. Mutum na huɗu sau ɗaya kawai ake bukatarsa, ranar Talata. Na biyar ba shi da gurbi, sai dai a mayar da shi cikin masu karɓa, wato masu canjin mai fara jifa a tsakiyar wasa, ko a bar shi a gida. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, a wannan tsari, wasan da ya fi kowanne nauyi yakan faɗa hannun mutum na uku, ba gwanin gwanaye ba. Shi ya sa kocin da ya san aikinsa yake fara lissafi daga wasa na bakwai ya dawo baya.

A zagaye mai wasa biyar lissafin ya fi sauƙi, domin wanda ya fara wasa na ɗaya da wanda ya fara na biyu duk sun huta sosai kafin na biyar, koci yana da zaɓi. A wasu shekarun ma ana ƙara ranar hutu tsakanin wasan farko da na biyu, sai mutum uku su wadatar.

Dole ne gwanin ƙungiya ya fara wasan farko?

Ba doka ba ce, amma wanda ya kauce mata sai ya shirya amsa tambayoyi. Dalilin bai shafi alfarma ko ƙarfafa gwiwar 'yan wasa ba. Wanda ya fara da wuri shi ke da damar sake dawowa sau biyu, wani lokaci har sau uku.

Labarin da aka fi jan kunne da shi na 1960 ne. Casey Stengel, kocin New York Yankees, ya jinkirta Whitey Ford, babban mai jifansa, har zuwa wasa na uku a karawarsu da Pittsburgh Pirates, ya ba Art Ditmar wasan farko. Ford ya yi jifa a wasa na uku da na shida, kuma a duka biyun bai bari an ci shi ko maki ɗaya ba daga farko har ƙarshe. Sai dai da wasa na bakwai ya zo ba shi da hannun da zai sake hawa tudu, Bill Mazeroski na Pirates ya buga ƙwallon da ya tsallake katanga a zangon ƙarshe cikin zango tara da ake raba wasa, Pirates suka ɗauki kambu da ci 10 da 9. Bayan 'yan kwanaki aka sallami Stengel. Da Ford ne ya fara wasan farko, da an iya samun sa sau uku.

Akwai waɗanda suka kauce kuma ta yi musu kyau. A 1929 Connie Mack na Philadelphia Athletics ya ɗauko Howard Ehmke, wanda shekaru suka fara ja kuma bai yi wasa da yawa ba a kakar, ya ba shi wasan farko da Chicago Cubs, Ehmke ya kori masu bugu 13 da jifansa, ya ci wasan. A 1965 kuwa ba dabara ba ce ta sauya jerin Los Angeles Dodgers: Sandy Koufax ya ƙi yin jifa a wasan farko domin ranar ta dace da Yom Kippur, babbar ranar azumin Yahudawa, sai Don Drysdale ya fara.

Idan ƙungiya ta shigo ta zagayen farko mai wasa uku, yaya jerinta yake kasancewa?

Tun 2022 ƙungiyoyi biyu mafiya nasara cikin zakarun rukuni a kowane ɓangare na gasar suna tsallake zagayen farko, sauran huɗun su kara a wasa uku cikin kwana uku a jere, duk a gidan wadda ta fi matsayi. Wadda ta shiga wannan zagayen ba ta da halin ajiye gwaninta, domin rashin nasara biyu kawai ya isa a tattara kaya. Tana ƙone mutum na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku, sai ta isa zagaye na gaba da wanda ya rage, ta tarar da abokiyar hamayya ta huta kwana biyar ta jera mutanenta yadda take so.

A takarda wannan babbar garaɓasa ce ga wadda ta huta. A fili kuwa ba kullum ba. A 2023 Atlanta Braves da ta ci wasa 104, da Baltimore Orioles mai 101, da Dodgers mai 100, duk sun huta kuma duk an fitar da su a karawarsu ta farko, yayin da Texas Rangers da Arizona Diamondbacks, waɗanda suka biyo ta zagayen wasa uku, su ne suka haɗu a World Series, wato zagayen ƙarshe na neman kambu. Tun daga lokacin ake ta muhawara ko dogon hutu yana dusashe idon masu bugu. A ganina wasa biyar sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu, kuma babu kocin da za a ba zaɓi ya ce ya fi son ya fara zagaye da mutum na uku.

Mene ne jifa a kan gajeren hutu, kuma yana biyan bukata?

Shi ne a dawo da mai jifa bayan kwana uku maimakon huɗu, ko ma ƙasa da haka. Da wannan ne gwani ɗaya zai iya fara wasa na ɗaya da na huɗu da na bakwai. A nan ne tarihin wasan ya fi cika da labaran jarumta, kuma a nan ne ya fi yaudara, domin waɗanda suka yi nasara ake tunawa.

Koufax ɗin da ya ƙi wasan farko a 1965 ya dawo a wasa na bakwai bayan hutun kwana biyu kacal, ya hana Minnesota Twins ko maki ɗaya, aka tashi 2 da nema. Bayan shekara guda ya yi ritaya yana da shekara 30 saboda ciwon gwiwar hannu. A 1968 Mickey Lolich na Detroit Tigers ya ci wasa uku, kowanne shi ya yi jifansa tun daga farko har ƙarshe, na ƙarshen a kan hutun kwana biyu ya doke Bob Gibson. A 2001 Arizona ta ɗora kusan komai a kan mutum biyu: Curt Schilling ya fara wasa na ɗaya da na huɗu da na bakwai, Randy Johnson ya fara na biyu da na shida, kuma washegarin wasa na shida ya sake fitowa ya rufe na bakwai. An raba musu kyautar gwarzon gasar tare. A 2003 Jack McKeon, kocin Florida Marlins, ya ba Josh Beckett wasa na shida a kan hutun kwana uku a filin Yankees, Beckett ya kammala wasan shi kaɗai da ci 2 da nema, Florida Marlins ta ɗauki kambu.

Ɗaya gefen kuma ga shi. A 2009 Joe Girardi, kocin Yankees, ya bi dukan watan Oktoba da mutum uku, CC Sabathia da A.J. Burnett da Andy Pettitte. Yankees ta ci kambun, amma Burnett, wanda ya yi ƙoƙari sosai a wasa na biyu na World Series, da aka dawo da shi a na biyar bayan kwana uku bai wuce zango na uku ba, Philadelphia Phillies ta ci shi maki shida. A 2016 raunuka sun rage wa Cleveland masu jifa, sai Corey Kluber ya ɗauki wasa na ɗaya da na huɗu da na bakwai. Biyun farko ya yi su lafiya. A na bakwai mai bugun farko na Chicago Cubs ya buga ƙwallonsa ya tsallake katanga, aka ci shi maki huɗu, bai kori ko mutum ɗaya da jifa ba, Cubs ta ɗauki kambun da rabonta da shi tun 1908. Gajiya ɗaya ce daga cikin dalilai. Ɗayan shi ne masu bugu sun gan shi sau uku cikin kwana tara, sun san yadda ƙwallonsa ke karkata.

Tambayar da ta kamaci koci ita ce, gwanina a gajiye ya fi mutum na huɗu a huce? Idan na huɗun yana da dama-dama, yawancin ƙungiyoyin yanzu shi suke ba wasan.

To yaya aka yi ake ganin masu fara jifa suna shigowa a tsakiyar wasa?

Nan ranar gwajin nan ta dawo. Tunda mai jifan zai yi jifan motsa hannu a gefen fili a wannan ranar, sai koci ya ce a yi shi a cikin wasa inda zai yi amfani. Alex Cora ya yi haka da Boston Red Sox a 2018, inda Nathan Eovaldi ya yi jifa 97 a matsayin mai karɓa a wasan da ya kai zango 18, Chris Sale kuma ya rufe wasan da suka ɗauki kambu. Washington Nationals ta yi irinsa a 2019 saboda ba ta amince da masu karɓarta ba, Patrick Corbin ya riƙe zango uku a wasa na bakwai ba a ci shi ba.

Wanda ya fi kowa shahara a wannan shi ne Madison Bumgarner na San Francisco Giants. A 2014 ya ci wasan farko da Kansas City Royals, ya kammala na biyar shi kaɗai da jifa 117 ba tare da an ci shi ba. Ranar 29 ga Oktoba, bayan hutun kwana biyu, koci Bruce Bochy ya kira shi a zango na biyar na wasa na bakwai, Giants na gaba da 3 da 2. Ya riƙe wasan zango biyar. A na ƙarshe, saura mutum ɗaya a fitar, ƙwallon Alex Gordon ya kuɓuce wa masu tsaron nesa, Gordon ya kai sansani na uku, na ƙarshe kafin a ci maki, taku kaɗan ya rage ya farke. Bumgarner ya dinga ɗaga wa Salvador Pérez ƙwallo sama da ƙirji har Pérez ya ɗaga shi sama a wajen layi, Pablo Sandoval ya cafe ya faɗi rigingine. A 2025 Yoshinobu Yamamoto na Dodgers ya ƙara a kan haka: ya ci wasa na shida da Toronto Blue Jays, washegari ba hutu ko na kwana ɗaya ya shigo a zango na tara na wasa na bakwai, ya riƙe har aka tashi a na sha ɗaya. A Japan, inda masu fara jifa suka saba fitowa sau ɗaya a mako, Masahiro Tanaka ya yi jifa 160 a wasa na shida na 2013, washegari ya rufe na bakwai wa Rakuten Eagles.

Abokiyar hamayya da filin wasa suna sauya jerin?

Suna sauyawa, musamman wajen zaɓen mutum na uku da na huɗu, inda tazarar ƙwarewa ba ta da yawa. Mai bugu bahago yakan sha wahala a hannun mai jifa bahago, saboda ƙwallon na karkata yana nisa da shi, don haka ƙungiyar da manyan masu bugunta bahagwai ne za a fi tura mata bahago. Filin Yankees yana da gajeriyar katanga a ɓangaren dama, ƙafa 314 a bakin layi, wadda ke taimakon bahagwan masu bugu. A Fenway Park na Boston katangar hagu ce kusa, mai tsayin ƙafa 37. A Denver, inda fili yake kimanin mita 1,600 sama da teku, ƙwallo ba ya karkata sosai kuma yana tafiya nesa, sai a fi son wanda ke sa a buga ƙwallo ƙasa. Akwai kuma sanyin daren Oktoba, da batun matashin da bai taɓa tsayawa gaban taron baƙi masu ihu ba, wanda wasu kociyoyi kan gwammace su ba shi wasan gida.

Idan ƙungiya ba ta da mutum na huɗu fa?

Sai ta raba wasan tsakanin masu karɓa shida ko bakwai, kowa zango ɗaya ko biyu. Tampa Bay Rays ce ta fito da salon fara wasa da mai karɓa a 2018, da Sergio Romo. A wannan shekarar Craig Counsell na Milwaukee Brewers ya yi wa Dodgers wayo da shi: ya sanar da bahago Wade Miley a wasa na biyar, Dodgers ta jera masu bugun dama, Miley ya fuskanci mutum ɗaya tak aka cire shi aka kawo Brandon Woodruff mai jifa da dama. Duk da haka Brewers ta sha kashi a wasan. Dodgers ta 2024 ta ci kambu da masu fara jifa uku kacal, Jack Flaherty da Yamamoto da Walker Buehler, kuma wasa ɗayan da Yankees ta ci a World Series shi ne na huɗu, wanda aka raba wa masu karɓa. Tsadar wannan salo tana bayyana washegari, domin a cikin 'yan wasa 26 da aka yarda a yi rajista masu jifa ba sa wuce 13, kuma idan wasannin uku na tsakiya suka zo a jere, hannayen da aka ƙone Talata su ake nema Laraba.

Yaushe ya kamata a cire mai fara jifa?

Wannan ma yana cikin tsara jerin, domin ana yanke shi tun kafin wasa. Masu bugu tara ne a layi, kuma alƙaluman shekaru da yawa sun nuna cewa sukan fi samun mai jifa idan suka gan shi karo na uku a wasa ɗaya. Ƙungiyoyi da dama sun mai da wannan ƙa'ida, kuma ranar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce wasa na shida na World Series ta 2020. Blake Snell na Rays ya kori mutum tara, sau biyu kawai aka buga masa ƙwallo mai kyau, jifansa 73, ƙungiyarsa na gaba da 1 da nema a zango na shida. Austin Barnes na Dodgers ya samu sansanin farko, Mookie Betts na zuwa karo na uku, Betts ɗin da Snell ya riga ya kora sau biyu. Kevin Cash, kocin Rays, ya fito ya karɓi ƙwallo daga hannun Snell. Nick Anderson da ya shigo, Betts ya buga masa mai nisa, jifa ɗaya ya kuɓuce wa mai cafewa, kafin a ankara Dodgers ta wuce gaba, ta ƙare da 3 da 1 ta ɗauki kambu. Ƙa'idar Cash ita ce ta kawo Rays har wurin, amma Anderson ya riga ya gaji, an ci shi a wasanni da dama a jere kafin wannan daren, kuma wannan ma alƙaluma ne da ya kamata a duba.

Me ke faruwa idan mai jifa ya ji rauni ana tsakiyar zagaye?

Ana iya maye gurbinsa da izinin hukumar gasar, sai dai wanda aka cire ba zai buga sauran zagayen ba, kuma ba zai buga na gaba ba. Shi ya sa ƙungiyoyi kan yi jinkiri idan ciwon ƙarami ne. A 2019 Max Scherzer na Nationals ya tashi ranar wasa na biyar na World Series wuyansa ya ƙage, ba ya iya ɗaga hannu, sai Joe Ross ya fara a madadinsa. Nationals ba ta cire sunansa ba, aka yi masa allura, bayan kwana uku ya fara wasa na bakwai a Houston, suka ci.

Akwai ƙungiyar da ta taɓa ajiye gwaninta da gangan saboda lafiyarsa?

Nationals ɗin ce, a 2012. Stephen Strasburg ya dawo daga tiyatar jijiyar gwiwar hannu da aka yi masa a 2010, kuma shugabannin ƙungiyar sun sa masa iyakar aikin da zai yi a kakar. A watan Satumba suka dakatar da shi alhali su ne kan gaba a gasar, suka shiga Oktoba ba tare da shi ba, St. Louis Cardinals ta fitar da su a wasa na biyar. An daɗe ana zargin su da zubar da damar da ba lallai ta dawo ba. Bayan shekara bakwai Strasburg ya ci wasa na biyu da na shida a World Series, aka ba shi kyautar gwarzon gasar. Daga wannan kakar raunuka suka sake taso masa, wasannin da ya buga bayanta ba su kai goma ba kafin ya bar jifa.